Hunhunar damana bisa matasai da katifu: yadda ake fidda ta, da yadda ake hana ta



Jawabin yau a kan kayan zama ne da kayan kwanciya waɗanda ake fitarwa tsakar gida, wato matasan kujera, matasan kai, katifu, tabarmi da tumtum na fata. A ƙasashen Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai, mutane sun fi zama waje bisa ga cikin ɗaki. A ƙarƙashin rumfa ake hira, can ake shan shayi, can ake karɓar baƙo. In zafi ya matsa, a waje ake kwana. Da rani wannan ba ya ɓata komi, don iska busasshiya ce. Amma in ruwa ya sauka, kayan da aka saba bari waje suna gamuwa da wata maƙiyiya mai aiki a ɓoye. Ita ce hunhuna, wadda waɗansu ke ce ma funfuna.

Katifa ba abin banza ba ce. Sau da yawa tana cikin kayan ɗakin amarya, waɗanda iyaye suka daɗe suna tarawa. Manomi yakan sayar da akuya ko buhun gero kafin ya saye ta. In an kula da ita, sai ta yi shekaru ana morar ta. In an bar ta da laima, damana ɗaya ta isa ta lalata ta. Kuma hasarar ba ta tsaya ga dukiya ba, har lafiyar iyali takan taɓa.

1. Mene ne hunhuna?

Mutane da yawa suna tsammani hunhuna dauɗa ce kawai. Ba haka ba ne. Abu ce mai rai, danginta ɗaya da naman kaza da ke fitowa gindin itace da damana. Tana da iri kamar yadda gero yake da iri, sai dai irinta ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganin su. Suna yawo cikin iska kullum, rani da damana, suna sauka bisa kowane abu. Ba mai iya share su daga duniya. Amma iri ba ya tsira sai ya samu ruwa. Haka ita ma.

Abu uku take bukata: laima, abinci, da wurin da iska ba ta ratsawa. In ta same su cikin ɗumi, kwana 1 ko 2 sun ishe ta ta soma tsira. Tana fitar da zare siriri, ya shiga cikin ƙyalle, yana cin sa a hankali. Shi ya sa rigar katifar da ta daɗe da hunhuna takan yage da an ja ta kaɗan.

Abincinta shi ne auduga, audugar rimi, fata, kaba, itace da kara. Tana son zufa, da man da ake shafawa, da fura ko kunun da ya zube, da fitsarin yaro. Soso da roba ba abincinta ba ne, amma dauɗar da ke kansu ta ishe ta. Ke nan matashin soso mai datti shi ma yana yin hunhuna.

Alamarta ta farko wari ne, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Bayan wari sai ɗige-ɗige baƙaƙe, ko tsanwa-tsanwa, ko wani fari-fari kamar an barbaɗa gari. Tana somawa inda ido ba ya zuwa: gefen da ke fuskantar ƙasa, bakin ɗinki, da wurin da ya jingina da bango.

2. Lokacin da ta fi ƙarfi

Ruwan sama a kudancin Nijar yana zuwa ne tsakanin Yuni da Satumba. Maradi takan samu wajen milimita 500 a shekara, Damagaram wajen 400, Yamai sama da 500 kaɗan, Gaya kuwa wajen 800. Kusan duka cikin wata 3 ko 4 yake sauka. Watan Agusta, lokacin marka, shi ya fi kowane. A lokacin nan iska kanta tana ɗauke da laima, bangon ƙasa ya sha ruwa, tsakar gida ba ta bushewa sosai. Matashi yana iya jiƙewa ko ruwan sama bai taɓa shi ba. Ƙasa tana ba shi laima daga ƙasa, raɓar asuba tana ba shi daga sama.

Raɓa takan ci gaba har farkon kaka. Don haka ɗaukewar ruwa ba ita ce ƙarshen aiki ba. Sai iskar ɗari ta soma busawa sannan hankali zai kwanta.

3. Abin da take yi ma lafiya

Wanda ya kwanta bisa matashi mai hunhuna, dare duka yana shaƙar irinta. Waɗansu ba sa jin komi. Waɗansu kuwa sai atishawa, majina, ƙaiƙayin ido, ƙaiƙayin jiki da tari. A shekarar 2009 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta fitar da bayani a kan laima da hunhuna cikin gidaje. Ta nuna cewa masu zama cikin irin waɗannan ɗakuna sun fi fama da tari, da shessheƙar ƙirji, da tashin ciwon fuka.

Waɗanda suka fi shan wahala su ne jarirai, tsofaffi, masu fuka, da waɗanda doguwar cuta ta raunana. Uwa takan ga yaronta yana tari kowane dare, da rana kuwa ya samu sauƙi. Ya kamata ta kai shi likita, don tari yana da dalilai da yawa. Amma in ta komo gida, ta juya katifar da yake kwana bisa, ta sansana matashinsa. Wani lokaci dalilin yana nan ƙarƙashin kansa.

4. Shiri kafin a soma aiki

A zaɓi ranar da gari ya waye garau, a soma da hantsi, don a samu rana mai tsawo. A yi aikin a fili, nesa da randa, nesa da madafa, nesa da inda aka shanya hatsi. Kada a kakkaɓe hunhuna cikin ɗaki, don irinta zai watsu bisa sauran kaya. Yara su matsa nesa. Mai fuka kada ya yi wannan aiki, wani ya yi masa.

Mai aikin ya rufe hanci da baki da ƙyalle mai kauri, ya tsaya ta inda iska za ta kwashe ƙurar ta yi gaba da ita. Kayan aiki kaɗan ne: buroshi ko guntun tsintsiya, sabulu, bokitin ruwa, da tsumma mai tsabta.

5. Rigar matashi da rigar katifa

Da fari a goge hunhunar da buroshi tun ƙyallen yana bushe. In aka zuba ruwa kafin a goge, baƙin yana ƙara shiga cikin zare. Bayan haka a cire rigar. In ɗinke take, a warware gefe ɗaya, ɗinki ba ya da wuyar maidawa.

A jiƙa ta cikin ruwan zafi da sabulu, a cuɗa sosai, a ɗauraye. In tabo ya rage, akwai hanya biyu.

Hanya ta farko ta lemun tsami ce da gishiri. A matsa lemun tsami bisa tabon, a barbaɗa gishiri, a shanya a rana har ya bushe, sannan a ɗauraye. Wannan ya fi dacewa da farin ƙyalle da tabon da bai daɗe ba.

Hanya ta biyu ta ruwan jabel ce. Ga farin ƙyallen auduga, awo 1 na jabel cikin awo 20 na ruwan sanyi. In da finjalin shayi aka auna jabel, da shi za a auna ruwan. A jiƙa minti 15, kada ya wuce haka, sannan a ɗauraye sau 2 ko 3. Jabel yana cin launi. In ƙyallen atamfa ne ko mai rini, a gwada ɗigo ɗaya a gefen da ba a gani. In launi ya kwaɗe, a bar jabel, a tsaya ga sabulu da rana. Wani tabon ba ya fita duka. Wannan ba komi, muddin wari ya tafi, ƙyallen kuma ya bushe.

6. Abin da ke cikin matashi

Nan ne mutane suka fi yin kuskure. Sai a wanke riga fes, a maida ta bisa cikin da bai bushe ba. Bayan mako ɗaya baƙin ya komo, a ce sabulu ne ba ya da kyau.

In auduga ce ko audugar rimi, a zazzage ta duka bisa tabarmar roba, a baza ta, a rarrabe ta da hannu. Wadda ta yi baƙi, ko ta dunƙule tana wari, a ware ta a zubar nesa da gida. Sauran ta sha rana kwana 2, ana juya ta, ana shigar da ita ɗaki kafin magariba. Audugar rimi ba ta da nauyi, iska tana kwashe ta, don haka a rufe ta da tsohon gidan sauro. Kuma tana kama wuta nan da nan. Kada a shanya ta kusa da murhu, kada mai shan taba ya zo kusa.

In soso ne, a wanke shi da ruwan sabulu kaɗan. A danna shi da tafin hannu, ko a taka shi da ƙafa mai tsabta bisa siminti, har ruwa ya riƙa fitowa fari. Ba a murɗa soso, yagewa yake. Ba a sa masa jabel, don yana sa shi ya ruɓe ya riƙa marmashewa. A tsayar da shi bisa gefensa inda iska ke kaɗawa, ruwa ya tsiyaye. Soso mai kauri yakan ɗauki kwana 2 ko 3. Da ya bushe a ɗauke shi daga rana, don rana mai yawa tana tsofar da soso.

Yaya ake sanin ciki ya bushe? A ɗora busasshen ƙyalle bisa tsakiya, a danna da gwiwa. In ƙyallen ya yi sanyi ko ya ɗauko laima, da saura. Sama takan bushe tun tsakiya tana jiƙe.

7. Tumtum da matasan fata

Dukawan Damagaram da na Tawa sun shahara da aikin fata, fatar jar akuyar Maradi kuwa an san ta har ƙasashen Turai. Irin wannan kaya ba a yi masa wankin ƙyalle. Ba a tsoma fata cikin ruwa, ba a sa mata jabel, ba a barin ta cikin rana mai zafi, don tana ƙandarewa ta tsage.

A share farin da busasshen tsumma a waje. Sannan a haɗa alkol na likita da ruwa, rabi da rabi, a jiƙa tsumma a matse shi sosai, a goge fatar a hankali. A soma gwadawa a ƙarƙashi, don wani rinin yana zuba. In ba alkol, kumfar sabulu kaɗan bisa tsumma ta isa. A aje shi a inuwa inda iska ke ratsawa. In ya bushe, a shafa man kaɗe ɗan kaɗan, a goge har hannu ya daina jin maiƙo. Mai in ya yi yawa shi ma abincin hunhuna ne. Tsummokaran da aka cusa cikin tumtum, a fitar da su a shanya dabam.

8. Tabarmi, kujeru da gadaje

Tabarmar kaba a goge ta da buroshi bin saƙa, a share da tsumma mai ruwan sabulu, a rataye ta bisa igiya ko danga, iska ta bi ta gaba da baya. Kada a naɗe ta sai ta bushe ƙayau. Tabarmar roba tana ɗaukar wanki sosai, amma ƙarƙashinta yana tara gumi. A riƙa ɗaga ta kowace safiya.

Kada a manta da kujerar kanta. In aka maida matashi mai tsabta bisa katako mai hunhuna, aikin banza aka yi. Kujerar ƙarfe mai zaren roba, da benci, da daɓen siminti, a wanke su da sabulu, sannan a share da jabel awo 1 cikin ruwa awo 10. Ƙarfe a ɗauraye shi a tsane shi nan take, don kada ya yi tsatsa. Gadon kara in ya yi baƙi ya yi laushi, a canza karan, kara ba ya da tsada.

9. Gargaɗi a kan jabel

Jabel yana da amfani, amma guba ne in an yi wasa da shi. Ba a haɗa shi da lemun tsami, ko binegar, ko wani maganin wanki. Haɗin yana fitar da iska mai ƙona ido da huhu. Wanda ya gwada lemun tsami bai yi ba, ya ɗauraye ƙyallen sarai kafin ya koma ga jabel. Ƙyallen da yaro ya yi ma fitsari, a wanke shi da sabulu tukuna, don fitsari da jabel ma suna fitar da mugun tururi.

A yi aiki da shi a fili. A sa safar hannu, in babu a ɗaura leda. In ya fantsama a ido, a wanke da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi likita. Kada a zuba shi cikin kwalbar ruwan sha, kada a aje shi inda hannun yaro zai kai. Akwai jabel mai ƙarfi da ake sayarwa cikin ƴar leda ko a ƙwaya. Wannan sai an sirka shi yadda aka rubuta a jikinsa kafin a auna.

10. Kayan da ba su gyaruwa

A shekarar 2020 kogi ya cika ya shiga unguwannin Yamai. A shekarar 2024 ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a jihohin Maradi, Damagaram da Tawa, har tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya rushe cikin watan Satumba. Gidaje da yawa ruwa ya shigar musu har ɗaki.

Ruwan ambaliya ba ɗaya yake da ruwan sama ba. Ya bi ta masai, ya bi ta turken dabbobi da juji kafin ya iso. Katifar da ta sha irin wannan ruwa, cikinta ba ya tsabtatuwa da rana kaɗai. Rigar ana iya wanke ta da ruwan zafi da jabel. Amma audugar ko soson, abin da ya fi shi ne a rabu da su. Abu ne mai ciwo ga talaka, amma jinyar yaro ta fi katifa tsada. Kafin a samu wata, kwana bisa tabarma mai tsabta ya fi. Soson da za a yar, kada a ƙona shi cikin gida, hayaƙinsa guba ne.

Haka kuma duk matashin da aka wanke aka shanya sau 2, warin bai tafi ba, hunhuna ta riga ta kai zuci. A canza cikinsa. Masu ɗinkin katifa a kasuwa suna wannan aiki, kuɗinsa bai kai na sabuwa ba.

11. Rigakafi

Rigakafi ya fi magani, kuma wannan rigakafin ba ya cin ko dala. Ga abin da gida mai kula yake yi da damana.

Kaya ba sa kwana waje sai in mutum yana bisa. Wanda ya kwana tsakar gida, da safe ya bar katifarsa ta sha rana awa 1 ko 2 kafin a shigar da ita, don zufa da raɓa su bushe. Ba a naɗe ta da ɗuminta.

Da an ga hadari ya haɗo, matasai da katifu ake fara kwashewa. A ba yaro ɗaya wannan aiki, ya zama nasa, don aikin kowa da kowa ba mai yin sa.

Katifa ba ta zama bisa ƙasa tsirara. A ɗora ta bisa gado, ko bisa itatuwan da aka jera bisa duwatsu, iska ta bi ta ƙarƙashi. Wannan yana kare ta daga gara ma. Tsakaninta da bango a bar tazarar tafin hannu, don bangon ƙasa yana riƙe ruwa.

Ranar da rana ta fito sosai, a fitar da kayan ɗaki duka, ko sau ɗaya a mako. A juya su, a buga su da sanda. A buɗe ƙofa da taga, ɗakin ma ya sha iska.

Abin da ya zube bisa matashi a wanke shi ranar nan. Katifar jariri a shimfiɗa mata leda a sama, a ɗora zane bisa ledar, a riƙa wanke zanen.

Leda tana da amfani, tana kuma da haɗari. In an lulluɓe kujera da ita lokacin ruwa, a yaye ta da ruwan ya ɗauke. Matashin da aka ƙulle cikin leda da ɗan danshinsa, an yi ma hunhuna ɗaki ke nan. Kayan da za a aje har kaka, a tabbata sun bushe ƙayau, a naɗe su cikin tsohon zane, a ɗora su sama. Waɗansu mata suna sa busasshen ganyen bedi cikin kayan ajiya saboda ƙwari. Wannan ba laifi, amma ganye ba ya tsotse laima.

Tun bazara mai gida ya duba rufin ɗaki da indararo, ya toshe inda ke yoyo, ya gyara rumfa, ya haƙa ma ruwa hanya don kada ya kwanta a tsakar gida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wanda zai sayi sabon matashi don zaman waje, ya nemi mai rigar da ake cirewa. In da hali, tela ya ɗinka masa riga biyu, ana wanke ɗaya, ɗaya tana jiki.

A taƙaice, hunhuna ba ta zama inda ya bushe. A goge ta a waje tun kaya suna bushe, a wanke riga dabam, a busar da ciki har tsakiya, a ɗaga kaya daga ƙasa, a ba su rana da iska. Wannan aiki na mai gida ne da uwargida da yara gaba ɗaya. Gidan da ya riƙe shi wata 4 na damana, zai shiga kaka da kayansa lafiya, yaransa kuma suna barci ba tari.

Allah ya ba da damana mai albarka, ya ƙara ma kowa lafiya.